Yadda zaka gane dalilin da yasa katinka yaƙi tashi a Yu-Gi-Oh

Duk wanda ya ɗan jima yana buga Yu-Gi-Oh, ko da katin hannu ne ko Master Duel da Konami suka saki a 2022, ya san wannan takaicin: dodonka ya mutu, rubutun jikin katin ƙarara yace zai kira wani ya maye gurbinsa, kana jiran waya ta tambayeka ko zaka kunna, sai kaga shiru an wuce, har ka fara cewa wasan ya samu matsala ko netwok ne. Mafi yawan lokuta ba matsala bace ɗan'uwa, ƙa'ida ce, kuma tana rubuce a jikin katin, kawai dai ba a koya mana karanta ta bane. Ga yadda nake bi in warware irin wannan, bi da bi.

Mataki na farko, duba ɗigo kafin ka duba kalma. Tun 2011 Konami suka canza salon rubutun katunan turanci yadda alamomin rubutu suke da ma'ana. In kaga ɗigo biyu a tsaye (:) to abinda ke gabansu sharaɗi ne, wato yaushe ake iya kunna katin. In kaga ɗigo da waƙafi (;) to abinda ke gabansu shine abinda zaka yi nan take lokacin kunnawa, biyan farashi ko nuna katin da kake nufi, abinda ya biyo baya kuma shine ainihin aikin da zai faru daga baya. A katin dodo in babu ko ɗaya daga cikin alamomin nan biyu to wannan aikin baya buɗe sarƙa, wato jerin katunan da ake amsa wa juna da su, ba a kunna shi balle a amsa masa.

Amfanin wannan shine farashi baya dawowa. Ɗauki Pot of Desires, zaka kori kati 10 daga saman dek ɗinka a kife sannan ka ja 2, to korar goman nan tana gaban ɗigo da waƙafi, shiyasa in abokin karawarka ya jefo Ash Blossom, katin da ake jefowa daga hannu don kashe aikin ɗauko kati daga dek, goma sun tafi kenan kuma biyun baka samu ba. Haka kuma Exiled Force, dodon da ke fasa dodon abokin karawa, yake aiki ko da Skill Drain, tarkon da ke kashe ayyukan dodanni, na fili, domin yanka kansa yake yi a matsayin farashi, lokacin da aikin zai zartu baya fili, shi kuwa Skill Drain dodannin da ke buɗe a fili kawai yake ɗaurewa.

Mataki na biyu, ƙirga sarƙa daga baya. Sarƙa dai itace abinda ake cewa chain, ka kunna kati ya zama na 1, wancan ya amsa ya zama na 2, kai ka ƙara na 3, har sai kowa yace ya isa. Wajen warwarewa kamar lodin buhuna a mota ne, na ƙarshen da aka ɗora shi ake fara saukewa, kuma da zarar an fara sauke babu wanda zai cusa sabon kati a tsakiya, duk abinda ya taso a lokacin sai ya jira sarƙar ta ƙare a buɗe sabuwa. Akwai matakan sauri uku: katin tsafi na yau da kullum da yawancin ayyukan dodanni suna mataki na 1, tarko da tsafin gaggawa da ayyukan dodo masu Quick Effect suna na 2, tarkon martani irin Solemn Judgment shi kaɗai ne a na 3, kuma baka amsa kati da wanda ya gaza shi sauri.

Anan ne sababbin shiga suke asarar Mystical Space Typhoon (MST), katin da ke fasa tsafi ko tarko. Fasa kati daban, soke shi daban. An kunna maka Raigeki, tsafin da ke fasa duk dodanninka, ka amsa da MST, eh zaka fasa katin, amma dodanninka duk zasu mutu domin an riga an kunna shi kuma aikinsa baya buƙatar ya zauna a fili. Amma in Call of the Haunted ne, tarkon da ke dawo da dodo daga maƙabarta, ko wani kati mai zama a fili, to fasa shi yana hana aikin, tunda shi sai yana buɗe a fili sannan yake aiki.

Mataki na uku, kuma nan ne yafi cin mutane: nemi When ko If, sannan ka nemi you can. Abinda ake kira rasa lokaci yana faruwa ne da kati iri ɗaya tak, wanda ya fara da When kuma yake da you can a ciki. Irin wannan katin yana da sharaɗi ɓoyayye, dole abinda zai tada shi ya zama shine abu na ƙarshe da ya faru. In wani abu ya faru bayansa, ko yaya ƙanƙantarsa, ƙofa ta rufe. Wanda ya fara da If baya rasa lokaci, haka wanda yake dole ne babu zaɓi a ciki.

Peten the Dark Clown shine misalin da kowa ke koyo dashi. Yana cewa lokacin da aka tura shi maƙabarta zaka iya korarsa ka kira wani Peten daga hannu ko dek. In an kashe shi a faɗa, lafiya lau zai tashi. Amma in ka yanka shi don ka sauke babban dodo, abu na ƙarshe da ya faru shine saukar babban, ba tafiyar Peten ba, don haka shiru. In ka jefar dashi a matsayin farashin wani kati, shiru. In aka fasa shi a mataki na 2 na sarƙa, shima shiru, saboda na 1 zai warware bayansa. Ka kwatanta da Sangan wanda nashi If ne kuma dole ne, ko ta yaya ya bar fili zuwa maƙabarta sai ya nemo maka dodo mai ƙarfin hari 1500 ko ƙasa. Ko da yake shima yana da nasa tarkon, in ka sa shi ƙarƙashin dodon Xyz, irin dodon da ake ɗorawa a kan wasu dodanni, ka cire shi daga baya bazai tashi ba, domin katunan da ke ƙarƙashin Xyz ba a lissafa su a matsayin suna fili.

Masu dek ɗin HERO su kula sosai, Stratos When ne da you can. In ka dawo dashi da Call of the Haunted a matsayin amsa ga wani kati, wato a mataki na 2 na sarƙa, zai sauka amma bazai nemo maka komai ba. Ka haƙura sarƙar ta wuce ka kunna tarkon shi kaɗai in da hali.

Sai ƙananan kalmomin haɗi, waɗanda ni a ganina sune mafi daɗin koyo a wasan gabaɗaya. Then na nufin abu biyun a jere suke faruwa, ɗaya bayan ɗaya. And if you do na nufin ana ɗaukarsu lokaci guda suka faru. Soul Taker yana fasa dodon abokin karawa, then ya bashi LP 1000, wato makin rai, kaga wannan dubun da kamar kyauta ce itace take zama abu na ƙarshe da ya faru, don haka Peten da ire-irensa duk sun rasa lokaci. Mai hankali yana zaɓar Soul Taker da gangan saboda haka.

Mataki na huɗu, in katuna da yawa sun taso lokaci guda jera su yadda doka tace. Farko na dole na mai juyi, wato wanda lokacin wasansa ne, sai na dole na ɗayan, sai na zaɓi na mai juyi, sai na zaɓi na ɗayan. A cikin rukuni ɗaya kai zaka zaɓi wanda zai riga, kuma wallahi nan akwai dabara babba. Ash Blossom dole ta amsa kai tsaye ga katin da take son kashewa, wato ya zama shine na ƙarshe a sarƙa lokacin da aka jefo ta. To in kana da ayyuka biyu da suka taso tare, ɗaya mai nemo kati daga dek ɗaya kuma wani abu daban, sa mai neman a na 1 ka rufe shi da ɗayan a na 2, sai Ash ta zauna a hannunsa tana kallo. Kafin ka danna kawai ka tsaya ka tambayi kanka wanne ne bazan iya jure a kashe min ba, shi zaka binne a ƙasa.

Mataki na biyar, bambance soke kunnawa da soke aiki. Solemn Judgment kunnawar yake sokewa, kamar ba a taɓa kunna katin ba, Ash kuwa aikin kawai take kashewa. Koma kan Pot of Desires, a ƙasansa an rubuta activate sau 1 a juyi. In Solemn ya soke shi zaka iya kunna na biyu in kana dashi, in Ash ce ta kashe shi to ka gama na wannan juyin. Amma in kalmar da ke jikin katin use ce, ko ta wace hanya aka tare ka an ƙirga maka ka yi amfani dashi.

Haka batun soke saukar dodo. Solemn yana iya tare saukar da bata buɗe sarƙa, irin ta Cyber Dragon daga hannu ko Synchro da Xyz da Link na yau da kullum. Amma dodon da Monster Reborn ya dawo dashi, in ka bari Reborn ya fara warwarewa ka makara, shi katin tsafin zaka tare tun farko. Su kuma Kaiju irin Gameciel da suke cinye dodon abokin karawa, ba fasawa suke ba kuma ba nunawa suke ba, yanka shi ake yi a matsayin hanyar saukarsu, shiyasa dodon da aka rubuta cewa ba a fasa shi kuma ba a nuna shi yake tafiya salin alin.

Mataki na shida, lokacin lissafin ɓarna wato Damage Step, ƙofar nan a ƙuntace take. Da an shiga, abinda ake bari shine tarkon martani, katunan da ke ƙara ko rage ƙarfin hari da tsaro, ayyukan da ke soke kunnawa, ayyukan dole, ayyukan da ke tashi in an kashe dodo a faɗa, da katin da ya rubuta da kansa cewa anan yake aiki kamar Honest. Book of Moon baya shiga, in zaka kife dodon da ya kawo hari to kayi tun lokacin da aka ayyana harin. Ash ma bata shiga tunda aiki take kashewa ba kunnawa ba, don haka dodon da ke nemo kati in an kashe shi a faɗa yakan tsallake ta.

Na ƙarshe ga masu Master Duel, akwai maɓallin nan mai ON da AUTO da OFF. A AUTO wasan baya tambayarka a kowace gaɓa, yakan tsallake wasu wuraren da doka ta baka damar kunna kati, misali lokacin jan kati na abokin karawa, to in kana da tarkon da kake son kunnawa a irin wannan gaɓar maida shi ON tun kafin juyinka ya ƙare. In kuma abu ya faru baka gane ba, buɗe tarihin wasan ka bi shi layi layi ka nemo abu na ƙarshe da ya faru kafin katinka yayi shiru, sannan ka koma ka karanta katin daga kalmar farko, When ce ko If.