Yadda ake buga hoton Dutsen Kufena da sassaƙaƙƙen katako

Duk wanda ya taɓa ganin mai yankan hatimi a Sabon Gari ya san asalin wannan sana'a: inda aka sassaƙe ya fito fari, inda aka bari ya sha tawada. Kuma ba baƙuwa ba ce a Zariya. A kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 Bruce Onobrakpeya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, daga baya ya yi suna da bugun hoto.

Fara da zuwa wurin. Ka je gindin Kufena bayan la'asar, lokacin da inuwa ta kwanta gefe guda, ka zana dutsen da kuka ko rimi ɗaya da fensir. Kada ka cika ganye da ciyawa, katako ba ya son tarkace. Ni na fi son zanen hunturu, sa'ad da kuka ta zubar da ganye, rassanta suka fito fili.

Samo fallen katako mai laushi wajen kafinta, kamar tafin hannu biyu, ka goge shi sumul. Kwafa zanen a juye, domin abin da ke dama hagu zai koma. Na taɓa mantawa, dutsen ya fito ta inda ba nan yake ba, aikin kwana uku ya tashi a banza.

Sai sassaƙa, kuma nan ne aikin yake. Bi layin da wuƙa mai kaifi, sannan ka kwashe sararin sama. Ƙarfen tsohuwar lema, in aka wasa bakinsa, yana fitar da siririn layi mai kyau. Tura shi gaba, ɗayan hannun yana bayansa. Kada ka share sararin saman tas. Ɗan tabon da ya rage shi ke zama hazo a takarda.

Sayi tawadar maɗaba'a, ka shimfiɗa kaɗan a gilashi da abin birgima na roba har ta yi laushi, ka bi kan katakon. Ɗora takarda, ka murza da bayan cokali, ka ɗaga kusurwa ɗaya ka leƙa kafin ka cire. Wanke katakon da kananzir, ka shanya takardar a ɗaki kwana biyu, nesa da ƙura.