Yadda Ake Haɗa Sola Ta Tafi-da-Gidanka Domin Unguwannin Da Wuta Ke Daɗewa Ba Ta Dawo Ba

Idan aka ɗauke wuta na kwanaki, ba kowa ne ke shan wahala iri ɗaya ba. Mai hali yana tayar da janareta, amma unguwannin da ke can ƙarshen layi, waɗanda su ne ake gyara wa a ƙarshe, sukan zauna cikin duhu da wayoyin da suka mutu da magungunan da ke lalacewa a firiji. Bayan guguwar Maria ta afka wa tsibirin Puerto Rico a watan Satumba na 2017, an ɗauki kusan wata 11 kafin wuta ta koma ga kowa, kuma mazauna duwatsu ne suka fi daɗewa suna jira. Sola ta tafi-da-gidanka, wato faifan sola da batir da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) da aka ɗora a kan tirela ko amalanke, tana iya riƙe irin waɗannan wurare, muddin an fara da lissafi kafin a je sayen kaya.

Matakin farko shi ne a rubuta abin da za a kunna, a kuma jera shi bisa muhimmanci. Kowace na'ura tana da adadin wat a jikinta, kuma idan aka ninka shi da awannin da za ta yi tana aiki, an sami abin da za ta ci a rana, wanda ake ƙirgawa da ma'aunin wat-awa. A misali, cajin waya ɗaya yana cin kimanin wat-awa 15, don haka wayoyi 60 za su ci 900. Ƙwan fitila goma masu wat 7 da za su yi awa biyar a kunne za su ci 350, sannan a ware wa ƙaramin firijin magani kamar 600. Duka wannan bai kai 2,000 ba. Amma da zarar an shigo da na'urar samar da iskar oksijin mai cin wat 350, wadda majinyaci zai yi awa takwas yana amfani da ita, ita kaɗai za ta ci 2,800, jimilla ta koma 4,650. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin suna auna buƙata da yawan mutanen da za su zo caji, alhali majinyaci guda yana iya cin fiye da abin da unguwar gaba ɗaya za ta ci. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan jimillar saboda asarar da ake yi a wayoyi da inbata, wanda zai kai lissafin kusan 5,800.

Daga nan sai faifai. Lambar da aka rubuta a jikin faifan sola an auna ta ne a ɗakin gwaji, a zafin digiri 25, kuma a fili ba a cika samun ta ba, domin zafi da ƙura suna rage ƙarfinsa. Faifai mai wat 400, a wurin da ake samun rana mai ƙarfi ta awa biyar, zai ba da kimanin wat-awa 1,500 a yini, saboda haka misalin da ke sama yana buƙatar guda huɗu. A kafa su suna fuskantar kudu idan ana arewacin layin da ya raba duniya biyu, ko arewa idan ana kudancinsa, a kuma tabbatar ba wani reshe ko igiyar shanya da ke jefa musu inuwa, domin inuwa a kan kusurwa ɗaya tana iya karya ƙarfin jerin gaba ɗaya.

Batir shi ne ya fi cin kuɗi, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa idan aka wulaƙanta shi. Batir mai ruwa, na dalma, yana da araha, amma bai kamata a sha fiye da rabin cajinsa ba, ga nauyi, ga shi yana fitar da iskar da ke iya kamawa da wuta idan ana cajinsa a rufaffen wuri. Na litiyam, nau'in da ake kira LiFePO4, ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye, yana jure caji sau dubbai, kuma ya fi sauƙin ɗauka. A ganina, ga kayan da za a riƙa jan su daga wuri zuwa wuri, na litiyam ne ya dace ko da kuɗinsa ya fi, don wanda ya sayi na dalma sai ya sayi ninki biyu kafin ya sami aikin guda. Batir ɗin da aka rubuta bolt 48 da amfiya-awa 100 a jikinsa yana riƙe kusan wat-awa 5,000. A ajiye shi a inuwa, kada kuma a yi masa caji idan sanyi ya kai ruwa na daskarewa.

Tsakanin faifai da batir dole a sa na'urar daidaita caji, kuma nau'inta da ake kira MPPT ya fi wanda ake kira PWM tatso wuta daga faifai. Inbata kuwa a zaɓi mai ba da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin mai araha tana sa injin firiji da na'urorin asibiti zafi, kuma a sayi wadda ƙarfinta ya zarce abin da ake buƙata, saboda firiji yakan ja ninki uku ko fiye na wutarsa a daidai lokacin da yake tashi. A sa fiyus kusa da batir, a yi amfani da waya mai kauri. Wajen haɗawa, batir ake fara jona wa na'urar daidaita caji, sannan faifai.

Akwai abu guda da ba a sassauci a kansa: kada a taɓa jona inbata a soket ɗin gini domin wuta ta zagaya ɗakuna. Wutar tana komawa kan layin waje, ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana gyara da tabbacin cewa layin a mace yake. Idan ana so a ba wa gini wuta, ƙwararren mai aikin lantarki ya sa makunnin sauya layi, wanda ke raba ginin da layin gwamnati kafin ya karɓi ta batir.

Sauran aikin na mutane ne. Tun kafin a ɗauke wuta, a zaɓi inda za a girke kayan, kamar makaranta ko ƙaramin asibiti ko wurin ibada da kowa ke iya isa da ƙafa, a kuma rubuta sunayen masu buƙatar oksijin da masu ajiye allurar insulin ta ciwon suga, wadda ake so ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. A koya wa aƙalla mutum uku sarrafa kayan, saboda ranar da ake buƙata mai makulli zai iya yin tafiya. A tsara cewa cajin waya da rana ake yi, lokacin da faifai ke kawo wuta, a bar batir domin dare, kuma idan ya sauka zuwa kashi 30 a cire komai sai na marasa lafiya. Dutsen guga da hita da abin dafa ruwa ba su da gurbi a wannan tsari ko kaɗan, domin suna cin wuta da yawa. Sau ɗaya a wata a fito da kayan, a wanke faifai da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin su yi zafi, a ɗaure wayoyin da suka saki, a kunna komai na tsawon awa guda, a kuma duba iskar tayoyin tirelar.