Yadda Za Ka Bi Diddigin Hanyar 'Yan Hippie Daga Turai Zuwa Kathmandu

Mai son fahimtar tafiyar da dubban matasan Turai da Amurka suka riƙa yi ta ƙasa zuwa Asiya a shekarun 1960 da 1970, wato 'yan hippie, matasan da suka bijire wa tsarin rayuwar da aka saba da shi a ƙasashensu, ya kamata ya fara da taswira, ya bi zangon-zangon da suka yada: Istambul, Tehran, Herat, Kandahar, Kabul, sannan mashigar Khyber zuwa Peshawar, Lahore da Delhi, inda hanya ta rabu, wasu suka nufi gaɓar tekun Goa, wasu kuma Kathmandu.

A Istambul ne ya fi dacewa ka daɗe kana bincike. Gidan abincin nan da ake kira Pudding Shop, kusa da masallacin Sultanahmet, a wancan lokacin yana da allon da matafiya suka riƙa manna saƙonni, wannan yana neman abokin tafiya, wancan yana neman gurbi a mota, kuma a ganina babu abin da ya fi wannan allo bayyana yadda labari ke yaɗuwa tsakaninsu kafin zuwan intanet.

Sai ka karanta ɗan littafin da Tony da Maureen Wheeler suka fitar a 1973 bayan tafiyarsu, wanda shi ne tushen Lonely Planet, kamfanin buga littattafan jagorar matafiya. Kada ka tsaya ga muryar baƙi kaɗai. Nemi abin da mazauna unguwar Jhochhen ta Kathmandu, inda 'yan hippie suka riƙa sauka, suka faɗa game da su.

Idan kana son taka hanyar da ƙafarka, ka tuna cewa juyin juya halin Iran da mamayar Tarayyar Sobiyet a Afghanistan sun toshe ta a 1979, don haka sai ka bincika dokokin biza da yanayin tsaron kowace ƙasa tukuna.