Yadda ake gano ƙarar da mota ke yi idan an taka totur

Mutum ya isa gareji ya ce wa bakanike "motata tana ƙara", shi ke nan ya buɗe ƙofar canje-canje: yau filogi, gobe bel, jibi salansa, ƙarar kuma tana nan daram. Kafin ka fitar da ko sisi, ka fara gano ko ƙarar inji take bi ko taya. Wannan kaɗai rabin aikin ne.

Mataki na farko: ka samu waje mai shiru, ka kashe rediyo da na'urar sanyaya mota, ka ja birkin hannu, ka cire giya (mai otomatik ya sa ta a P), sannan ka taka totur a hankali. Idan ƙarar ta fito alhali motar tana tsaye, matsalar tana wajen inji, bel ko salansa. Idan ba ta fitowa sai mota na tafiya, ka mai da hankali kan shaf (sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya), boris ɗin taya, giya da kujerun inji, wato robobin da injin ke zaune a kansu.

Na biyu, ka saurari irin sautin, domin kowace cuta da kukanta.

Tsuwa mai tsini kamar ta ɓera, musamman da sassafe ko idan ka kunna sanyi, galibi bel ne ya saki ko ya tsufa. Kashe inji, ka buɗe bonet ka duba shi. In ka ga ya tsattsage ko cikinsa yana ƙyalli kamar an goga masa mai, lokacinsa ya yi. Kada ka yarda a shafa masa sabulu ko baƙin mai. Zai yi shiru kwana ɗaya, sannan ya tsinke maka a hanya, altaneta ta daina caji, a motoci da yawa kuma famfon ruwa ya tsaya inji ya ɗau zafi. In sabon bel ma yana kuka, a duba abin da ke ɗaure shi.

"Ƙas-ƙas-ƙas" idan ka karya sitiyari kana ba ta wuta, kan shaf ne na wajen taya. Ka je fili ka karya sitiyarin har ƙarshe, ka zagaya a hankali, dama sannan hagu. Bayan haka ka leƙa bayan tayar gaba: akwai wata baƙar roba mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe gaɓar. In ta yage, za ka ga giris ya fantsama a jikin ƙarfen taya, yashi ya manne masa. Da an kama ta tun kafin ƙara ta fara, roba da giris kawai za a saya. Da zarar ta fara ƙas-ƙas, gaɓar ta riga ta cinye.

"Gum" sau ɗaya daidai lokacin da ka tashi ko ka sa giya, yawanci kujerar inji ce ta mutu. Gurnani daga ƙarƙashi da warin hayaƙi kuwa salansa ce ta huje, sai mai walda. Kada a yi wasa da ita, hayaƙin yana da guba in yana shiga cikin mota. Guɗa mai ƙaruwa da gudun mota, wadda ba ruwanta da totur, boris ne ko taya da ta ci gefe.

Sai ƙarar cikin inji, wadda a nan ne ake asara. Iri biyu ce. Akwai mai kama da tsakuwa a gwangwani, tana fitowa idan kana hawa tudu ko mota ta yi lodi. Fetur ne ke ƙonewa ba a kan ƙa'ida ba, sanadin gurɓataccen mai, filogin da bai dace ba, dattin da ya taru a inji ko zafi. In ta fara bayan ka sha mai a bakin hanya, ka san inda za ka fara zargi. Ɗayar kuwa bugu ne mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, yana sauri idan ka taka totur. Wannan ka tsaya nan take, ka kashe, ka zaro sandar gwajin baƙin mai. Idan fitilar baƙin mai ta kama, a jawo motar kawai.

Na uku, in fitilar inji tana ci, a sa mata kwamfuta. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 duk suna da ramin OBD-II, wato inda ake jona kwamfutar, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. A cikin lambobin da kwamfutar ke nunawa, P0300 na nufin wuta na tsallakewa a inji, P0325 kuma na nuna matsala a layin na'urar da ke jin bugun inji.

Da za ka tafi gareji, ka ɗauki ƙarar a waya, ka faɗa wa bakanike a wace giya take fitowa, da sanyin inji ko da zafinsa. Ka ɗauke shi ku zagaya ya ji da kunnensa, kuma duk abin da ya cire ya nuna maka tsohon.