Tuƙa Tirela Mai Giyar Otomatik Daga Ngawundare Zuwa Injamena

I-Shift na Volvo da PowerShift na Marsandi Actros, wato giyabos ɗin otomatik na waɗannan tireloli, duk suna da kuloci a ciki, ƙafarka ce kawai aka hutar. Kwamfuta ke ba da umarni, iska ke jefa giya. Don haka in ka tayar da inji a N (wato firi, babu giya), jira agogon iska ya cika, in ba haka ba giya ba za ta shiga ba. Taka birki, sa D ko A (giyar tafiya gaba ta otomatik), saki birkin hannu, ka ba da wuta a hankali.

Gangaren da ke gabanka bayan ka bar Ngawundare za ka nufi Garwa, nan ake gane direba. Tun kana sama koma M (inda kai ne ke zaɓar giya da hannu), ɗauki ƙaramar giya, kunna birkin inji. Birkin ƙafa ka riƙa taka shi kana saki, don in ka danne shi da cikakken lodi zai yi zafi ya daina kamawa. Kada ka kuskura ka sa N.

A hawa ko layin kwastan na Kusiri, garin iyakar Kamaru da Chadi, kada ka riƙe mota da totur. Kuloci ne ke gogawa har ya ƙone, kuma gyaransa ba arha ba.

Kullum zubar da ruwan tankin iska. In za a ja motar, a cire farfela (sandar da ke haɗa giyabos da tayoyin baya) tukuna, don giyabos ba ya samun mai in inji na kashe.