Yadda Ake Neman Takardun Shari'ar Laifi a Ƙaramar Gunduma a Amurka

'Yan uwa mazauna Amurka sun sha tambayata wannan, galibi masu neman takardar zama ko ta zama ɗan ƙasa, waɗanda hukumar USCIS, mai kula da harkokin shige da fice da zama ɗan ƙasa a Amurka, ta ce su kawo shaidar yadda wata tsohuwar shari'arsu ta ƙare. Da jihar Texas zan yi misali.

1. Gano gundumar da aka yi shari'ar. Texas na da gundumomi 254, kowace da nata ɗakin ajiya.

2. Rubuta cikakken sunanka, ranar haihuwa, da lambar shari'ar in kana da ita.

Hattara: a nan ake yawan tuntuɓe. Mai yiwuwa an rubuta ka Mohammed a takardar kamu, alhali fasfo ɗinka Muhammad ne. Ba ma'aikatan kotun duk rubutun biyu.

3. Tantance ofishin. Takardun manyan laifuka suna wajen District Clerk (magatakardan kotun yanki), na matsakaita kuma wajen County Clerk (magatakardan gunduma). A wasu ƙananan gundumomi mutum ɗaya ke riƙe da duka biyun.

4. Buga musu waya. Tsofaffin fayiloli da yawa ba a sa su a intanet ba, suna can cikin kwali.

5. Tambayi kuɗin kwafi da hanyar biya.

6. Nemi kwafi mai hatimin kotu da sa hannun magatakarda.

Hattara: wanda ka buga da kanka daga intanet ba ya maye gurbinsa.

7. Aika buƙatarka a rubuce, haɗe da ambulan mai adireshinka da kan sarki.

8. In sun ce fayil ɗin babu shi, nemi wasiƙar da ta tabbatar da hakan.

Shari'ar kotun tarayya kuwa ba ta hannun gunduma, a PACER, shafin intanet na takardun kotunan tarayya, ake dubo ta.