Yadda ake kafa ƙungiyar kiɗa da wasan kwaikwayo a kwalejin al'umma don raya tarihin gari

Kwalejin al'umma, irin ta shekara biyu da ta yaɗu a Amurka bayan buɗe ta Joliet a jihar Illinois a 1901, tana da wata dama babba: yawancin ɗalibanta 'yan gari ne. Kakanninsu ne suka yi aiki a masana'antar da aka rufe, iyayensu ne suka san waƙoƙin da aka daina rerawa. Sai dai zamansu gajere ne, kuma da yawansu suna aiki ko suna da iyali. Duk tsarin da za ku yi, ku gina shi a kan waɗannan abubuwa biyu.

1. Ku samu wanda zai tsaya muku. Malami ɗaya ya isa, sai ku yi rajista a ofishin harkokin ɗalibai don samun ɗakin gwaji da ɗan tallafi. Ku haɗa makaɗa da 'yan wasa a ƙungiya ɗaya tun farko, kuma ku sa lokacin haɗuwa da zai yi wa masu aiki daidai.

2. Ku zaɓi abu ɗaya. "Tarihin garinmu" ya yi faɗi, zangon karatu zai ƙare ba ku kama bakin zaren ba. Yarjejeniyar 2003 ta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kasa gadon al'adu gida biyar: adabin baka, kiɗa da rawa da wasanni, bukukuwa da al'adun zamantakewa, sanin muhalli, da sana'o'in hannu. Ku shiga gida ɗaya ku ƙara matsewa: sana'a guda da ke mutuwa, ko shekarar da aka yi wata ambaliya.

3. Ku je wurin dattawa. Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin gaggawa. Ku tafi bibbiyu, ɗaya na tambaya, ɗaya na kula da rikoda. Kafin a danna komai, a karanta wa mutum takardar amincewa da harshen da yake ji, a raba masa tambayoyin: ya yarda a adana muryarsa? A saka labarinsa a dandamali? A ɗora a intanet? A ambaci sunansa? Mutum na iya yarda da na farko ya ƙi na uku, kuma haƙƙinsa ne.

Wayar hannu ma tana aiki, amma a naɗa a tsarin WAV, domin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin. A kashe fanka da talabijin, a ajiye makirufo kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, a fara da faɗin suna da rana da wuri. Kada ku ce, "Baba, an sha wahala a lokacin?" Zai ce "ƙwarai" ya yi shiru. Ku ce, "Baba, ku ba mu labarin ranarku ta farko a wurin aikin." Idan ya tsaya yana kallon ƙasa, ku yi haƙuri, kada ku cike masa gurbin da sabuwar tambaya, sau da yawa abin da ya biyo bayan shirun nan shi ne zai zama ƙashin bayan wasanku. In tsohuwa ta ambaci wata waƙa, ku roƙe ta ta rera daga farko har ƙarshe, sannan ku tambayi wa ya koya mata, da lokacin da ake yin ta.

4. Ku mayar da hira wasa. A rubuta hirarrakin kalma bayan kalma, a karanta su a bayyane, a ja layi a duk inda ɗaki ya yi tsit ko aka fashe da dariya. Kada marubuci ya gyara wa dattijo harshe. Idan mutum biyu sun saɓa a kan abu ɗaya, ni a ganina a bar su duka su faɗi nasu a dandamali. Saɓanin ya fi sulhun da aka ƙirƙira gaskiya. Makaɗa kuwa su koyi waƙa da kunne daga mai ita kafin su ƙara mata komai, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wadda aka san mawallafinta a nemi izini: yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Berne ta kare haƙƙin mallaka aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, a Amurka kuma 70 ne ga ayyukan da aka yi daga 1978.

5. Ku nuna wa masu labarin kafin kowa. A ƙauyen Kamiriithu na ƙasar Kenya a 1977, a fili aka riƙa yin gwajin wani wasan kwaikwayo, manoma da ma'aikata na kallo suna gyara wa 'yan wasa magana da waƙa. Ku yi haka. Za a nuna muku inda kuka kauce, za kuma a ce muku wani abin sirrin gida ne ko na ibada. Ku cire shi ko da shi ne fagen da kuka fi so.

6. Ku fita daga harabar makaranta. Bayan dare ɗaya a zauren kwaleji, ku kai wasan ɗakin taron gari, a keɓe wa waɗanda aka yi hira da su kujerun gaba.

7. Ku miƙa aikin tun kafin ku tafi. A yi kwafi uku na kowane naɗi, ɗaya a ajiye a wani gini daban. Laburaren kwaleji ya karɓi sauti da rubutu da takardun amincewa tare. Kowane muƙami kuma, daga mai ba da umarni har mai kula da rikoda, a ba shi mataimaki ɗan shekarar farko wanda zai karɓe shi baɗi.